Hotunan Sunan Jikana Sun Lalace a Hannuna

Hajiya Ƙaltume, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na duba unguwarmu ta Nima kaf ban ga wanda zan iya faɗa wa wannan magana ba. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Ki yi haƙuri da Hausata, ta zango ce, a nan Akra aka haife ni. Ban sa sunana ba, ko da yake na san duk wanda ya zauna a unguwarmu zai gane ni in ya karanta a jaridarku. Abin ya wuce in damu da wannan.

Ni mai hoto ne. Shekarata hamsin da huɗu, talatin daga ciki da kyamara a wuya na yi su. Na koyi aikin a wajen Baba Osumanu, Allah Ya jiƙansa, wani tsoho da ke ɗaukar hoton fasfo a shataletalen Circle da akwatin katako mai ƙafa uku. Daga baya na buɗe ɗan shagona kusa da babbar kwatar Nima. Da wuya ki shiga gida a Nima ko Maamobi ba ki ga aikina rataye a bango ba: amare, alhazai da suka dawo daga Makka, ɗalibai ranar saukar Alƙur'ani, direbobin trotro sun jingina da motocinsu na haya.

Shekara biyu ke nan da rasuwar matata Awabu. Jinyar kwana tara kawai ta yi. 'Ya ɗaya Allah Ya bar mana, Husseina, abokiyar tagwaicinta ta rasu tun suna goye. Bayan sadakar arba'in sai Husseina ta ce in ba ta hoton mahaifiyarta ta rataya a ɗakinta. Na ce to, ban ma yi tunanin komai ba. Na shiga shago na yi kwana biyu ina zazzage akwatuna. Hajiya, ban sami komai ba sai ɗan ƙaramin hoton katin shaida, wanda hatimi ya cinye rabin fuskarta. Shekara ashirin da shida muna tare. Kullum da rana takan kawo mini abinci shago, ta zauna a kan bencin da masu ɗaukar hoto ke zama, tana jira in gama ta koma da kwano. Wani lokaci takan tambaye ni ranar da za a ɗauke ta ita ma, in ce gobe in ta yi kwalliya, ta yi dariya ta tattara kwanukanta. Haka muka yi ta yi har ta tafi.

A cikin wannan zazzage akwatunan ne na ga wani abu da ya ƙara kashe mini jiki. Hotunan nan dubbai duk iri ɗaya ne. Labule ɗaya mai zanen bene da jirgin sama, furen roba ɗaya, hasken filasha ɗaya da ke wanke fuskar mutum ta yi fayau. Ashe hoto ɗaya na yi ta ɗauka shekara talatin, masu tsayuwa ne kawai ke sauyawa. Ga shi kuma lokacin hoto mai kala ya shigo, da ƙananan kyamarorin nan da 'yan'uwa ke aikowa daga Turai, waɗanda ke yi wa mutum komai da kansu. Aiki ya ragu. Gida shiru, shago shiru, yini ya yi mini tsawo.

Sai na tuna yadda Baba Osumanu ya koya mini. Shi a ganinsa, in aka bar ɗan koyo da maɓallai da yawa, su zai tsaya kallo ya manta da abin da ke gabansa, saboda haka yakan hana ni taɓa wani abu na mako guda cur. Na ce bari in koma makaranta da kaina. Na ɗauko tsohuwar kyamarata mai ido biyu, wadda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama, fim ɗinta hoto goma sha biyu ne, baƙi da fari. Abubuwa uku ake murɗawa a jikinta: ɗaya yana buɗe idonta ko ya tsuke shi gwargwadon haske, ɗaya yana tsara saurin ƙiftawarta, na ukun kuma nisan abin da ake so ya fito tas.

Da farko na cire filasha na kulle a durowa. Wata guda ina yawo ba ita. A lokacin ne na fara lura da yadda rana ke shigowa lungunmu da ƙarfe bakwai na safe, ta ratsa tsakanin rufin kwano biyu ta sauka a kan tururin tukunyar mai koko. Shekara nawa ina wucewa ta wurin ban taɓa gani ba. Wata na biyu na tsayar da idon kyamara a lamba sha ɗaya, na manne shi da filasta. Na uku na manne saurin ma. Daga nan ba ni da ikon gyara kyamara ta dace da haske, sai dai in tsaya in jira haske ya dace da ita. Na ƙara wa kaina doka: hoto ɗaya a yini, ba ƙari, fim ɗaya kwana goma sha biyu. Daga ƙarshe na murɗa saitin nisa zuwa can ƙarshe, shi ma na manne. Ma'ana, duk abin da ya matso kusa da ni ƙasa da taku goma, dishi-dishi zai fito. Na yi wa kaina alkawarin shekara guda ba zan ɓare filastar nan ba.

Gaskiya zan faɗa miki, ban taɓa yin hotuna masu kyau irin na wannan lokaci ba. Akwai na rufin Nima bayan ruwan sama, daga matakalar masallaci na ɗauka, kwano yana ƙyalli har ƙarshen gani. Akwai na tarin doya a kasuwar Agbogbloshie, inuwar babbar mota ta raba shi biyu. Akwai wanda na je har unguwar Malam na yi awa uku a tsaye kafin garken tumakin layya ya ratso hanya daidai inda nake so. Amma ba wanda ya taɓa ganinsu. Suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Na rage buɗe shago. Abokan da muke zaman benci da su bayan la'asar sun gaji da kirana, sun daina. Na ji wata mata tana cewa tun da Awabu ta rasu kaina ya taɓu, wai an gan ni ina ɗaukar bango hoto. Nakan yini ban yi magana da kowa ba in ban da sallama a masallaci, kuma ban ji hakan ya dame ni ba, ko kuwa ya dame ni ban sani ba.

To ga inda maganar take. Husseina tana aure a Maamobi, mijinta bakanike ne, yaron kirki. Allah Ya ba su ɗa namiji, na fari. Mijin da kansa ya zo har gida, ya durƙusa, ya ce ba za su kira wani mai hoto ba ranar suna, tunda ga kakan yaro. Danginsa na Kumasi da ba za su samu zuwa ba suna jiran hotuna. Na ce to. Ban gaya masa maganar filasta ba. Lokacin ina wata na takwas.

Da safen ranar suna na buɗe durowa, na kalli filasha, na mayar na rufe. Na gaya wa kaina hannuna ya isa, na ƙware yanzu. Da na isa gidan aka kai ni ɗakin mai jego. Tana zaune a bakin gado da jariri a cinya, ta yafa wani koren mayafi na mahaifiyarta. Ta ɗago kai ta yi mini murmushi. Hajiya, Awabu na gani zaune, da irin karkata kan nan nata. Ƙafata ta ƙi shiga ɗakin. Daga bakin ƙofa na danna sau huɗu, alhali na san ɗakin ba haske, na san abin da zai fito. Na juyo tsakar gida mata suka taso mini suna guɗa suna gyara ɗankwali, na danna sau uku. Sauran biyar ɗin can tsallaken hanya na je na ɗauka. Ban ko ci abinci ba na tafi, ban ɗauki jikana ba.

Na wanke fim. Huɗun ɗaki baƙi ƙirin. Na matan ba a gane fuskar ko ɗaya. Biyar na tsallaken hanya sun fito tas: rumfa, kujeru, katangar maƙwabta, mutane ƙanana kamar tururuwa. Fuskar yaro babu, ta uwarsa babu.

Mako uku ina ɓoyewa, suna aike ina cewa ban gama ba. Daga ƙarshe na kai wa Husseina. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan gado har ta kai na ƙarshe. Sannan ta ce uwarta ta bar duniya ba hoto, ga ɗanta ya shigo duniya ba hoto, kuma wai ita 'yar mai hoto ce. Ta ce na fi sanin katangu da mutane. Maimakon in yi shiru sai na kama yi mata bayanin haske da filasta da Baba Osumanu. Ta goya ɗanta ta fita madafa. Mijin ya raka ni har bakin titi, ya ce Allah Ya kiyaye hanya, ya juya.

Yau mako bakwai ban je ba, ba ta zo ba. Tuwon da take aiko mini duk Juma'a tun rasuwar uwarta yana zuwa har yanzu, wata maƙwabciyarta mai sayar da kifi a kasuwar Nima ke kawowa, amma ba gaisuwa, ba saƙo. Nakan ci shi ni kaɗai in wanke kwano in ajiye.

Saura mako shida shekarar alkawarina ta cika. Wani lokaci nakan ce in cika alkawarina tukuna, sannan in je mata da hannun da ya ƙware, in ɗauki yaron hoton da ba a taɓa yi wa wani yaro a zango ba. Wani lokaci kuma nakan ji kamar in jefa kyamarar cikin kwata. Amma in na jefar, me zai fitar da ni daga ɗaki bayan sallar asuba? Ita kaɗai ta rage mini. Ki gaya mini gaskiya, hauka ne wannan abin da nake yi? Kuma da wace fuska zan koma gidan 'yata?

Mai hoto,
Nima

*

Baban Husseina, wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Awabu, Ya raya jikanka.

Ni ban san kyamara ba, saboda haka na karanta wa Malam Garuba, mai ɗaukar hoton jaridarmu, sashen wasiƙarka da ya shafi sana'a. Ya ce in gaya maka ba hauka ba ne. Hanya ce sananniya, shi ma da ita yake horar da masu koyo: a hana mutum filasha, ko a tsayar masa da abu ɗaya, har idonsa ya buɗe. Da na karanta masa bayanin rufin Nima bayan ruwa, sai da ya ce in maimaita. Amma ya ce shi abu ɗaya yake ɗaurewa a lokaci guda, na mako biyu ko wata, sannan a kwance, a baza hotunan a kan tebur wani ya duba ya faɗi ra'ayinsa. Bai taɓa jin wanda ya ɗaure ukun gaba ɗaya na shekara guda ba, kuma ya ɓoye abin da ya samu a ƙarƙashin gado. Don haka ka bar maganar kwata. Horon ya amfane ka, kuma ya riƙe ka a lokacin da kake buƙatar abin riƙewa.

Ka ce in faɗa maka gaskiya, to ga ta. Ka yi wa 'yarka da mijinta laifi, kuma laifin ya faru tun ranar da surukinka ya durƙusa a gabanka. Da ka ce masa kana cikin wani horo, su nemi wani mai hoton kai ma ka zo da taka, da ba wanda ya ji ciwo. Horon naka ne, amma ranar tasu ce, kuma ba ta dawowa. Ka kuma lura da wani abu da kai da kanka ka rubuta. Dokarka hoto ɗaya a yini, amma ranar nan goma sha biyu ka ɗauka ba tare da ka yi wata-wata ba. Ashe kana iya karya doka. Dokokin da ka riƙe su ne waɗanda suka ba ka hujjar tsayawa daga nesa. Ban faɗi haka don in kunyata ka ba. Mutumin da ya ga fuskar matarsa da ta rasu a fuskar 'yarsa, ƙafarsa ta ƙi motsi, abin tausayi ne. Sai dai Husseina ba ta san wannan ba. Abin da ta gani shi ne mahaifinta ya tsaya a bakin ƙofa ya juya, bai ko karɓi ɗanta ba.

Ita ma maganarta ta yi zafi, ba haka ake yi wa uba magana ba, kuma ina kyautata zaton ta sani. Amma ka tuna haihuwarta ta fari ce, kuma ta yi ta ba uwa. Duk abin da uwa ke yi wa mai jego, wasu ne suka yi mata. Mayafin nan ba don sanyi ta yafa shi ba. Ku biyun kuna kewar mutum ɗaya, kowa a ɗakinsa. Kuma macen da ta yanke mahaifinta ba ta tuƙa masa tuwo duk Juma'a. Jira take ka zo.

Kada ka jira mako shida. Alkawarin da kanka ka yi wa, kai ne kuma mai ikon sauke shi. Wannan Juma'ar, in an sauko daga masallaci, ka ɗauki kwanon da kanka ka mayar Maamobi. Ka bar kyamara a gida. Kada ka ambaci haske, ko filasta, ko Baba Osumanu. Ka ce mata ka yi kuskure, ta yafe maka, sannan ka gaya mata abin da ka gaya mini game da abin da ka gani daga bakin ƙofa, ko da muryarka za ta karye. Ka karɓi yaron ka riƙe shi ka daɗe. Ka nemi surukinka shi ma ka ba shi haƙuri, domin shi ya ji kunya a gaban danginsa. Kada ka yi musu alkawarin hoton da zai maye gurbin na suna, babu shi. In ba ta sake ba a zuwan farko, ka gaishe ta ka tafi, ka dawo wata Juma'ar.

Game da sana'a, ga horon da Malam Garuba ya ba da, ni kuma na ƙara masa nawa. Ka ɓare filastar duka. Ka manne abu ɗaya kawai, saitin nisa, amma wannan karon a taku biyu. Ka auna zare daidai wannan tsawo ka ɗaura a kyamara. Duk wanda za ka ɗauka, shi zai riƙe bakin zaren a haɓarsa, in ya miƙe ya saki, ka danna. Ya ce ka zaunar da mutum a bakin ƙofa ta gefen inuwa da safe, ba ka buƙatar filasha. Fim ɗaya, mutum goma sha biyu, wata ɗaya tak, daga nan ka kwance. Nawa ƙarin shi ne: kada ka ɗauki kowa sai kun gaisa kun zauna, kuma kowane hoto ka wanke biyu, ka kai wa mai shi ɗaya da hannunka. Ka fara da mai koko da abokanka na benci. Husseina da ɗanta kuwa, sai ranar da ita ta ce ka zo da kyamara.

Akwatin ƙarƙashin gado ka fito da shi. Ka zaɓi shida ka rataya a shago, ka riƙa buɗe shagon ko da daga safe zuwa azahar ne. Masu cewa kanka ya taɓu ba su ga abin da kake ɗauka ba ne. Ka aiko mana da uku, Malam Garuba yana son gani.

Ya kuma tambaya ko kana ajiye nagatif, wato wankakken fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, na bukukuwan da ka ɗauka. In kana ajiyewa, matar da ta yi shekara ashirin da shida a Nima ba za ta rasa shiga cikin taron wani biki ko suna ba, ko da a gefe. Ka tambayi ƙawayenta da danginta ma. Ba na yi maka alkawarin za a samu. Amma in kun shirya da Husseina, ka roƙe ta ta zo ku duba tare, idonta ya fi naka ƙarfi, kuma ita ma tana da haƙƙin wannan nema.

Ka yi aski ranar Alhamis, ka sa rigarka mai kyau, ka saya wa mai jego ɗan nama a hanya. Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba ka tsawon rai ka ga yaron nan yana gudu yana zuwa shagonka.

Hajiya Ƙaltume